Ɓerayen da Nake Ba Giya

Yaya,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya jikin Inna, yaya yara da mamansu? Ni lafiya lau, sai dai warin ɗakin gwaji da ya hana ni cin abincin kirki. Kada ka faɗa wa Inna.

Saƙonka ya iso, wai in tattaro in dawo, na zubar mana da mutunci. Eh, giya nake ba ɓeraye don binciken illarta, kuma ba inda zan je sai na gama.

Ɓeran da ya daɗe yana sha, sinadarin jin daɗi yakan ragu a ƙwaƙwalwarsa. Ko ruwan sukari aka ajiye masa ba ya kallo. In an janye giyar, sai ya rakuɓe a keji yana karkarwa. Ranar da na fara ganin haka, Autanmu na tuna, sai da na fita na yi kuka.

Shekara nawa kuna dukansa kan shan nan, me ya canza? Ciwo ne, ku kai shi asibiti. In kunya ta hana ku, ku haɗa ni da shi a waya. Ni ban taɓa jin kunyar cewa ƙanena ne ba.

Allah ya ba shi lafiya.

Ƙanwarka