Labule Ya Fito

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da aiki. Mu nan muna nan.

Na rubuto maimakon in kira ki ne domin Babanku yana jin duk abin da aka faɗa a gidan nan, takarda kuwa ba zai iya karantawa ba. Maganar ke nan. Idonsa ya tafi, Auta. Ba duka ba. Yana ganin mutum, yana ganin ƙofa, yana zuwa shagon hotonsa da ƙafarsa. Amma kin san da gashin idon mutum yake saita kyamara, yanzu gashin idon ba ya ganuwa. Likita ya ce ba yana ba ce da za a cire, daga can ciki ne.

Ashe abin ya daɗe. Yayanki ne ke rufa masa asiri. In sun je taro, Babanku ya jera mutane ya tsayar da kyamara, sai Yayanki ya leƙa kamar yana duba wani abu, ya murɗa zoben saitin, ya ja da baya, Babanku ya danna. Ban sani ba sai bayan rasuwar Yayanki, da wani mutum ya dawo da hotunan taron ofishinsu ya ce, "Baba, ko hayaƙi ake yi a ɗakin ban lura ba?" Babanku ya yi dariya ya karɓi ambulan. Tun daga nan masu kira suka ragu.

Saura makarantar koyon jinya. Shugabar har yanzu shi take ba aikin yaye ɗalibai, kuma lokacin ya kusa. In wannan ya tafi, ban san me zai fitar da shi daga ɗaki ba.

Mai gyaran agogon da ke maƙwabtaka da shagon ya ce akwai kyamara mai saita kanta, kuma mai cin fim mai faɗi irin nasa. Ta zamani mai kati kam Babanku ba zai taɓa ba. Ya ce bai san inda hoton yake kwana ba. Ki duba mana a wajenku. Kada ki je ke kaɗai, kada a ba ki matacciya, kuma kada ki hau babur da ita.

Ki yi haƙuri da rubutun, layin yana gangara mini. Ki gaida maigidanki.

Innarki


Inna,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki a hannun direba, na karanta a tsaye a tasha, sannan na zauna na sake karantawa. Ina gaishe ki, ina gaida Baba.

Na sami wani shagon kyamara, a saman bene, bayan masu sayar da fanka. Wani dattijo ne mai gyara da sayarwa. Da na ce fim mai faɗi, sai ya cire gilashinsa ya ce, "Ke ko kakanki?" Na ce babana. Ya ce, "To zauna, da mutane nake magana ashe."

Uku ya fito da su. Ta farko ƙarama ce, ba nauyi, kamar jakar hannu. Na so ta nan take. Amma ta wata 'yar taga ake leƙawa, kuma nisan da ta saita da ƙananan lambobi take nunawa, waɗanda ni ma sai da na kanne ido. Batirinta kuma ba a samu a wajenku.

Ta biyu ita ce sarauniya, gilashinta ba na biyu. Ya ce tana shan batir kamar jariri, in ta lalace kuma sai dai a yi mata addu'a, domin kayan gyaranta sun ƙare.

Ta uku baƙa ce, mummuna, mai nauyi. Batirin rediyo take ci. Tana jan fim da kanta, filashar Baba za ta hau kanta, kuma ana iya ɗura fim a mazubai biyu tun daga gida, in ɗaya ya ƙare a zare a sa ɗayan, ba sai ya tsaya yana laluben takardar fim a gaban jama'a ba. Ya ce a wuri mai duhu takan ɗan yi kai-komo kafin ta kama, amma tana kamawa. In tana saiti tana gurnani, in ta gama ta yi shiru, to kunne zai gaya wa Baba abin da ido ya ƙi. Ita na ɗauka. A mota na kawo ta gida, a kan cinyata, ki kwantar da hankalinki.

Inna, shafi biyu kika cika, a kan kyamara. Yaya ya shigo ne kawai domin ya murɗa zobe ya ja da baya. Ke ya kike? Kina barci? Kina cin abinci, ko kina dafawa ne kawai?

'Yarki,
Auta


Auta,

Bayan gaisuwa. Kyamara ta iso lafiya, Allah ya yi miki albarka.

Na ajiye masa ita a kan tebur. Ya shafa ta ya ce, "Wa ya ce ina so?" Na ce ba kowa. Ya ɗaga ta ya ce, "Wannan ai tubali ce." Ya sa a ido ya danna, ta yi gurnani. Ya ce, "Tana da ra'ayi ke nan." Bai mayar da ita kwali ba.

Ya gwada fim guda. Ya ɗauke ni a bakin ƙofa, ya ɗauki mai agogo, ya ɗauki kyanwar masu shagon ɗinki. Ya wanke da kansa, hannunsa bai manta komai ba a duhu. Sai ya miƙo mini gilashin ƙara girma ya ce in duba. Ban taɓa shiga ɗakin wankin hoton nan ba sai ranar, wurin Yayanki ne. Duk sun fito. Har furfurar girata na gani. Na gaya masa, ya ce to.

Kin tambaye ni ya nake. Ban sani ba. Ina tashi, ina share gida, ina dafawa, ina ci. Mutane suna cewa na yi haƙuri ƙwarai. Ba haƙuri ba ne, babu abin da nake ji ne. A ajin manya an koya mana rubuta gaisuwa da neman izini da godiya. Wannan ba a koya mana ba. Rigar aikin Yayanki tana rataye a bayan ƙofar ɗakin wankin, na matsar da ita na sami wurin tsayawa.

Taron jibi ne. Ina tsoron matakalar zauren. Ina tsoron kafaɗarsa da nauyin kyamarar. Ki yi addu'a.

Innarki


Auta,

Ina gaisuwa. Ban jira amsarki ba.

An yi taro. Ya dawo da kuzari, har ya ce a ƙara masa shayi. Washegari ya wanke, ya kira ni.

Hoton gayya, na dukan ɗalibai a jere, ya fito sarai. Sauran su ne na miƙa takardar shaida, shugaba a hagu, ɗaliba a dama, suna musabaha. Kin san yadda yake tsara hoto tun kafin a haife ki, mutum nan, mutum nan, tsakiya daidai a tsakaninsu. A bayansu akwai labule.

Na duba na farko, na duba na biyu, na bi su har ƙarshe. Ya ce, "Sun fito?" Na ce, "Labule ya fito." Ya ce, "Mutanen fa?" Na ce suna nan, amma kamar ta cikin ruwa. Ya ce, "Labulen ya yi kyau?" Na ce ya yi kyau, ana ganin zarensa ɗaya bayan ɗaya, har da wurin da aka yi masa faci. Ya ce, "To madalla." Ya zubar da ruwan magani, ya wanke kwanonin, ya kife su.

Shi ya kai wa shugaba da kansa, na bi shi. Ta daɗe tana juya su. Ta ce, "Baba, yaran nan ba za su sake gamawa ba." Ya ce ya sani. Wata uwa tana bakin ofis ta zo karɓar na 'yarta. Aka ba ta. Ta ce, "Wannan ce tawa?" Aka ce ita ce. Ta ce, "Da tsayinta na gane ta." Ta sa a jaka ta tafi, ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da ya fi.

Shugaba ta ce masu karatun ungozoma za su gama wata mai zuwa. Za ta ba shi, domin tun tana ɗaliba shi ya ɗauke ta. Amma in aka sake, ba za ta iya kare shi a gaban iyaye ba. Ya ce in aka sake shi zai rufe shagon da hannunsa.

Yanzu yana ɗaki. Bai je shago ba yau. Ki tambayi dattijon nan ko lalatacciya ya ba mu.

Innarki


Inna,

Ina gaishe ki. Na koma wurin dattijon da takardarki. Da ya kai wurin labule ya dafe kai ya ce laifinsa ne da bai faɗa ba.

Lafiyar kyamarar ƙalau. Ido ɗaya gare ta, a tsakiya cif, abin da ke tsakiya shi take kamawa. Baba kuma tsakiyarsa ba kowa. Ga yadda zai yi, ki karanta masa a hankali. Ya ɗora tsakiya a kan fuskar ɗaliba. Ya danna maɓallin rabi, rabi kawai, har gurnanin ya tsaya. Kada ya ɗaga yatsa. Ya karkato kyamarar ya tsara hotonsa yadda ya saba, sannan ya ƙarasa dannawa.

Na ce masa mutumin da ya shekara da shekaru yana dannawa sau ɗaya ne. Ya ce, "To ya koyi yin rabin abu, kamar sauran mutane."

Zan nemi hutu in zo. Kin shiga ɗakin wankin, Inna. Ni har yanzu ban iya buɗe hotunan da Yaya ya turo mini a waya ba.

Auta


Auta,

Bayan gaisuwa. Kada ki ɓata hutunki, an riga an yi.

Rabin dannawar ya ba shi wuya, yatsansa yana zarcewa. Kullum da yamma mai agogo da ɗan'uwansa suna tsayawa a bakin shago suna musabaha, shi yana gwadawa ba fim, har mai agogo ya ce tunda suke ba su taɓa gaisawa haka ba.

Jiya aka yi taron masu karatun ungozoma. Na zauna a baya. Ina jin gurnani, sai shiru, sai ƙarar dannawa. A wasu na ji shirun. A wasu tafi ya hana ni ji.

Fim ɗin yana rataye, ya bushe. Babanku yana zaune a kan benci a ƙofar ɗakin wankin, makullin shago a hannunsa. Ya ba ni gilashin. Ya ce kada in tausaya masa, abin da na gani in faɗa. Na ce to.

Direba zai tashi, bari in ba shi wannan in shiga. Ki gaida maigidanki.

Innarki