Jan Zaren da Ke Kofina

Assalamu alaikum Yaya Turai,

Da fatan kina lafiya, ke da Umma da duk mutanen gidanmu na Kinkinau. Yaya ƙafar Umma? Ni da Baba muna nan Alƙahira lafiya lau.

Albishirinki! Kin san ciwon dajin bayan hancina yana tafe da wata ƙwayar cuta, kuma burbushinta a jinina likitoci ke aunawa su gane ƙarfin ciwon. Jiya likitar ta ce burbushin ya ragu sosai, alamar magani yana aiki. Baba ya juya wajen taga, ya daɗe yana gyara hularsa.

Kada ki damu da ni. Maƙogwarona ne kawai ke bushewa, gashina kuwa hijabi ya rufa asiri. A littattafan soyayya in yarinya ta kwanta ciwo kyau take ƙarawa, ni dai madubi bai nuna min haka ba. Duk da haka ki aiko min guda biyu, masu ƙarshe mai daɗi.

Sai roƙo ɗaya da kunya ta hana ni faɗa a waya. Ranar da Umma ta ji an ce ƙwayar cuta, ta ɗaura wa kofina jan zare ta ware shi. Na daure na tambayi likitar, ta ce kusan kowa na ɗauke da ƙwayar tun yarinta, kuma ba a ɗaukar ciwon daji a kofi. Don Allah ki lallaɓa Umma ta kwance zaren. Ina so in dawo in tarar da kofina cikin na kowa.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Na'ima