Hancina Ya Daina Jin Daddawa

Litinin, 14 ga Oktoba, ƙarfe biyar da kwata na yamma. Ina zaune a bakin rumfar aikinmu, kowa ya tafi.

Anti Zulaiha, ki taimake ni don Allah. Bara na gama karatun harkar abinci, na samu aiki da wata ƙungiyar mata masu yin daddawa a nan Zuru. Shugabarmu, Mama Leah, ta koma Mahuta jinyar 'yarta, ta bar mini aikin da ita kaɗai take yi: in buɗe kalwar da aka rufe, in shinshina, in ce ta yi ko a ƙara mata kwana. Ban da haka ni ce awo, ni ce kai kaya tasha. Tun Agusta ban huta ko ranar Lahadi ba.

A watan jiya na yi mura. Murar ta tafi, jin wari bai dawo ba. Nakan duƙa in shinshina kamar da, matan suna jirana, sai in yanke hukunci da lissafin kwana. Ban faɗa wa kowa ba. A ɗaki ma haka: ragowar miya nakan zubar don ban san ko ta lalace ba. Jiya na daɗe a gaban mai tumatir, na kasa zaɓa, na dawo na kwana da shayi. Iyayena suna Sakaba, suna alfahari da aikin nan, ba na iya ɗaga musu hankali.

Ranar Alhamis za a buɗe kalwa mafi yawa da muka taɓa rufewa, ta wani mai saye daga Danko. Abin da ban sani ba: ko gajiya ce ko ciwo, ko zai dawo, ko za su riƙe ni in na faɗa.

'Yarki daga Zuru

AMSA

'Yata, sannu. Tsoron rasa aiki gaskiya ne, ban raina shi ba. Amma kalwar nan gumin matan ƙungiyar ce, kuma kin fi ni sanin cewa zafi da sanyi suna canja kwanakinta. Kada ki buɗe ta Alhamis ke kaɗai.

Gobe ki kira Mama Leah ki gaya mata komai, ta zaɓo mata biyu su yi shinshinar, ke ki duba launi da laushi. Matan da suka girma da wannan sana'a ba za su ga laifinki don mura ba.

Jin wari yakan dawo bayan mura, amma likita ne zai tabbatar, ki je cikin makon nan. Kasa zaɓen tumatir kuwa gajiya ce. Ki ba wata kai kaya tasha, ki karɓi Lahadinki. Miya kuma ki dafa daidai cikinki, ko ki miƙa wa maƙwabciya ta shinshina miki, daga nan hira take farawa. Ki kira mamanki ma, gara ta ji daga bakinki.

Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa Alhamis ta yi kyau.