Itacen Wankan Hadiza

Talata da dare, Ƙofar Kwaya.

Hadiza ta haihu jiya, ɗiya mace, lafiya lau. Alhamdu lillahi, na zama kaka! Na bi unguwa gida-gida ina faɗa, har Malam Sani, abokina na ajin yamma, ya ce in zauna kar in faɗi.

Haihuwar fari ce, gida ya kamata ta zo wanka. Tun tuni na tara itace, na share ɗakin marigayiya uwarta, na roƙi maƙwabciyarmu ta riƙa yi mata wankan.

Yau na dama kunun kanwa na kai asibiti. Yayata Hajiya Binta ta buɗe kwanon, ta yi dariya. "Kai har yanzu ba ka bar aikin mata ba? Batagarawa za ta, wurina. Ba a jego a gidan da babu mace."

Na dubi Hadiza ina jira ta musa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ni na roƙe ta. Dangin mijina suna mani gori, wai namiji ya rene ni."

Tana ƙarama uwarta ta rasu. Ni na yi mata kitso, ni na yi daka ana leƙe ta katanga ana dariya. A lokacin Hajiya ba ta ce a kai mata ita Batagarawa ba.

Ko kurɓar kunun Hadiza ba ta yi ba.

Gobe zan nemi mota ta kai masu itacen. Busasshe ne, ba zai yi wa jikata hayaƙi ba.