Katakon da Baba Ya Kafa

Yayata,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya yara, ya maigidan?

Albishirinki! Baba ya taka daga gado har ƙofa, wata biyu kacal da shanyewar ɓarin jikin nan. Amma kin san tsohon kafinta da taurin kai. Mai koya masa tafiya ta ce a kira ma'aikaci ya sa abin dafawa a banɗaki, ya ce shi da ransa ba mai buga ƙusa a gidansa. Da hannu ɗaya ya kafa katako, ni ina riƙe masa. Shekaranjiya katakon ya tsige, Baba ya faɗi, ƙeyarsa ta bugi bango. Ko ɗigon jini babu, sai ɗan ƙulu, na shafa masa man zafi. Ya sa na rantse ba zan faɗa wa matar ba, wai za ta raina aikinsa. Ke ma ban faɗa miki ba fa!

Taki,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa. Ban jira amsarki ba, hankalina ne bai kwanta ba. Baba ya zama sarkin barci, yana cin abinci yana gyangyaɗi. Ya ce kansa kamar ana sara. Hannun da na kama na ɗaga shi ya yi baƙi, shatin yatsuna huɗu raɗau. Yau na tsokane shi na ce katakonsa aikin ɗan koyo ne, bai ko harare ni ba. Wallahi Yaya tsoro nake ji.

A gaida yara.
Auta

Auta,

Bayan gaisuwa. Wasiƙunki biyu tare direba ya kawo min su. Ki ajiye komai ki kai Baba asibiti yanzu, rantsuwar ta hau kaina.

Ƙaramar ƙwayar da kike ba shi da safe ba ta ƙarin ƙarfi ba ce. Maganin tsinka jini ne, don kada ciwon ya dawo. Ranar da aka sallame shi daga asibiti likita ya ja min kunne: in ya bugu a kai, ko ba rauni a kawo shi, jini kan zuba a ciki ba a gani. Na san in Baba ya ji sunan maganin ba zai sha ba, ke kuma bakinki ba ya riƙe magana, shi ya sa na ɓoye muku ku biyun. Laifina ne. Ki tafi da kwalin maganin, ki faɗa musu ranar da ya faɗi.

Allah Ya tsare.
Yayarki

Yaya,

Gaisuwa. Wasiƙarki a asibiti ta same ni, don yau da safe na tashe shi bai tashi ba. Sun shiga da shi ɗakin tiyata. Likita ya tambaye ni ko yana shan maganin tsinka jini, na ce a'a. Sai da suka rufe ƙofa na buɗe takardarki.

Da ma kwalin maganin yana jakata, na aika musu da shi ciki. Ki taho.

Auta