Motar da Ke Warkewa a Gaban Makaniki

Bodinga,
7 ga Maris, 1983

Zuwa ga Yaya Haliru,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajara da yara, da fatan Kaduna na karɓarku. Mu nan lafiya lau. Inna na gaishe ka, ba abin da ke damunta sai gwiwar nan da ka sani.

Takardarka ta iso. Ka ce in karɓe makullin a-kori-kurarka daga hannun Mode, don ka tabbata shi ke kashe ta da gangan. Ban karɓa ba tukuna. Mode mijin ƙanwarmu Dije ne, kuma tuƙin nan shi ne abincin gidansu. Ka ba ni lokaci in duba. Aikin lantarki nake koyarwa a makarantar sana'a, zai zama abin kunya a kori mutum a gabana ban taɓa ko waya ɗaya ba.

Ga yadda ciwon yake. Tun da kwantak, ɗan ƙarfen da ke sakar wa inji wuta, ya ɓace a kasuwa saboda tsuke bakin aljihun nan na gwamnati, ka aiko da akwatin wuta aka ɗaura mata. Akwatin ba ya ganin inji. A cikin distiributa, mai rarraba wutar inji, akwai ɗan maganaɗisu, sansa, wanda ke aika masa labari ta wata siririyar waya cewa yanzu ne lokacin ba fulogi wuta. In labarin ya zo daidai, mota sai gudu. In ya zo a karkace, sai ta yi ta shaƙewa tana harbi ta salansa, ta mutu. Abin da take yi ke nan duk sa'ad da ta ɗauko albasa daga Shagari ko ƙauyukan Kajiji.

Na sa mita a sansar, lafiyarta ƙalau. Na auna tazarar maganaɗisun, na kankare tsatsar inda akwatin ke kama jikin mota, na ɗaure kan batir. Ɗanliti makaniki ya rantse Mode na haɗa fetur da kananzir. Muka zuƙo daga tanki, muka shinshina, muka ƙona a murfin gwangwani. Fetur ne zalla.

Abin da ya tsaya mini shi ne wannan: in tana gabanmu, ko tari ba ta yi. Na tuƙa ta har Dingyaɗi na dawo kamar sabuwa. Ɗanliti ya ce shi bai taɓa ganin motar da ke jin tsoron makaniki ba sai wannan, ko dai ta fi Mode wayo, ko Mode ya fi mu.

Ka gaida mutanen gida.

Ƙanenka,
Aliyu

Bodinga,
21 ga Maris, 1983

Yaya Haliru,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin ƙaramin yaron? Allah ya ƙara sauƙi.

Labarin bai yi daɗi ba. Motar ta sake mutuwa bayan Kajiji da cikakken lodi, albasar ta yini a rana, masu kaya sun ce ba za su ƙara ba mu ba.

Na aika Mode ya kawo ta makaranta. Da yake na fito da wuri, sai na hango shi ya tsaya ƙarƙashin bishiyar dogon yaro ta bakin hanya, ya buɗe bonet, ya waiga hagu da dama, ya cusa hannu ya ciro wani abu ya jefa aljihu. Da ya iso na tambaye shi abin da ya tsayar da shi. Ya ce ruwan lagireto ya duba. Yaya, ba a buɗe lagireto mai tafasa da hannu tsirara, kuma hannunsa ko jiƙewa bai yi ba. Na ce ya dube ni ya sake faɗi. Ya sunkuyar da kai ya ce, Malam, abin da na faɗa ke nan.

Kamar kullum, motar ba ta nuna komai ba a gabana.

Ana kuma raɗe-raɗi a tasha cewa Maniru, dillalin albasar Shagari, na neman a-kori-kura mai araha, kuma an sha ganinsu tare da Mode. Ban son gina hukunci kan zancen tasha, amma ba zan ɓoye maka ba, zuciyata ta fara komawa wajenka. Dije ta zo gaida Inna, ta zauna nesa da ni, ba ta ko taɓa furar da aka kawo mata ba. Ta ji abin da ake ciki.

Saura gwaji ɗaya. Zan tare shi a hanya ba sanarwa, in buɗe bonet da hannuna. In na ga abin da nake tsoro, a nan zan karɓi makullin.

Naka,
Aliyu

Bodinga,
2 ga Afrilu, 1983

Yaya Haliru,

Ina gaishe ka da iyali, da fatan wannan ta same ka cikin natsuwa, don tana bukatarta.

Ranar kasuwar Shagari na hau babur ɗin wani abokin aiki na tare Mode a hanyar dawowa. Tun daga nesa nake jin harbin salansa. Ya tsaya, na nufi bonet, sai ya riƙe mini hannu yana roƙona don Allah in bari. Na buɗe.

Laya ce, ɗinkin fata, an ɗaure ta tam da igiyarta. Igiyar ta haɗe siririyar wayar sansa da kakkaurar wayar da ke fitowa daga koyil, mai ƙara wa wuta ƙarfi. Wutar da ke bin kakkaurar waya tana da ƙarfin da ko ba ta taɓa ƙarfen siririyar ba, in sun manne sai ta shiga cikinta. Akwatin ya ɗauka sansa ce ke magana, ya saki wuta ba a lokacinta ba. Na raba wayoyin, mota ta tashi sumul. Na sake matse su, ta fara shaƙewa. Na maimaita har Mode ya gani da idonsa, ya zauna a bakin kwalta ya dafe kai.

Gaskiya da farko sammu na zata. Na tambaye shi wa ya ba shi, ya ce ko kotu zan kai shi ba zai faɗa ba. Na sa layar a aljihu muka taho gida.

A tsakar gida na ciro ta ina nuna wa matata, sai Inna ta leƙo ta ce wa ya ba ni izinin kwance mata kayanta. Ita ta karɓo ta wajen wani malami a Dingyaɗi, bayan haɗarin da aka yi a hanyar Yabo. Ta san yadda kuka yi da ita a kan layu tun da ka fara zuwa wa'azi, har kuka yi wata biyu ba ku magana, shi ya sa ta rantsar da Mode kada kai ko ni mu gani. Duk sa'ad da zai kawo mana motar sai ya cire, in ya fita ya mayar. Da ciwon ya tsananta, sai ya riƙa ƙara matse igiyar don tsarin ya kama sosai. Shi kuma Maniru, aikin lodi Mode ke nema wajensa, don ya san kora na tafe.

Na raba wayoyin, na ɗaure siririyar a jikin bodi nesa da koyil. Motar ta yi sawu uku Kajiji ba ko tari.

Inna ta roƙe ni in ce maka waya ce ta kwance. Na ce mata ba zan iya ba, don in na faɗi haka za ka ci gaba da kallon Mode da ido ɗaya har abada, shi da ya yarda a kira shi maci amana don ya rufa mata asiri. Sai ta ce to in rubuta, in kuma ƙara da cewa ita ta haife ka.

Maganar laya tsakaninka da ita ce, ban shiga ba. Makulli kuwa yana hannun Mode, kuma ba zan karɓa ba. In har yanzu kana so, ka zo da kanka ka karɓa a ɗakin Inna.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanenka,
Aliyu