Gatarin Garbai

Alhamis, 1 ga Oktoba, 1936

Bulama, mai garinmu, ya dawo daga Gure da azahar, ya tara mu dattawa a zaurensa. Ya ce Kumandan, Baturen mulki na can, ya ce daga yanzu kwarin gorubarmu ya fita hannun majalisar gari, ya koma hannun masu gandun daji. Za su aiko gardi ya zauna mana. Duk aka juyo ana kallona, ana jiran in yi fushi, tunda ni majalisa ta ɗora wa kula da kwarin tun shekarar fara. Na sunkuyar da kai don kada su ga fuskata. Wallahi daɗi na ji.

Asabar, 3 ga Oktoba

Na yi barci har rana ta fito. Habsu, matata, ta leƙo ta ga ko na mutu ne.

Talata, 6 ga Oktoba

Masu zuwa yi mini jaje sun ishe ni. Ba su san abin da aikin nan yake ba. Kai ne za ka bi kwari kana ƙulla kaba a kan kowace ƙaramar goruba, alamar kada a taɓa ta. Wanda ya sari mai ƙulli, ka karɓe gatarinsa, ba ya komawa hannunsa sai ya zo gaban dattawa ya ce ya tuba. Haka muka gada. Dattawa su yanke magana a inuwa, ni in je in sha zagi a rana. Mata na son kabar tabarma, masu raƙuma daga Alakos na son ganye, mai gini na son azara, kuma kowa ɗan'uwanka ne ko surukinka. Wanda ya kawo maka ƙwaryar nono da safe, ka san da yamma za ka same shi a kwari da igiya.

Su ɗauka, Allah ya ba su haƙuri.

Abu ɗaya dai. Gatarin Garbai yana nan bayan randa. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, danga ce kawai tsakanin gidajenmu. Damina biyu da suka wuce zaurensa ya rufta, ya shiga kwari ya kayar da goruba mai ƙulli. Na karɓe gatarin kamar yadda zan karɓe na kowa, kuma har gobe ban yi laifi ba. Sai dai gatarin babanmu ne, shi ya faɗo masa a gado. Ya rantse ba zai durƙusa gaban kowa ya roƙi kayan ubansa ba. Tun ranar bai sake ce mini Yaya ba. In mun haɗu a masallaci, sai ya gaida bango.

Lahadi, 11 ga Oktoba

Gardin ya iso. Aisami sunansa, Babarbare ne, dogo, ga hula ja ga takalman da suka fi ƙarfin rairayinmu. Na zaga da shi kwarin. Ya ce mata su ci gaba da yankar kaba a manyan itatuwa, a tsinci goruba, a kwashi itacen da ya faɗi da kansa. Amma duk abin da ke jikin itace, ɗanye ko busasshe, ba a sa masa ƙarfe sai an tambaye shi. Hankalin matan gari ya kwanta, har da guɗa. Ƙullin kaba kuma ya ce a bar shi, ya fi allon da aka ba shi ya kafa, tunda ba mai iya karanta allon.

Na tambaye shi zancen gaturan da ke hannuna. "Wannan tsohon lissafinku ne, Baba," in ji shi, "ka mayar wa masu su."

Laraba, 14 ga Oktoba

Kowa ya zo ya ɗauki nasa, ba tuba ba komai, wasu har da yi mini ba'a. Saura ɗaya.

Jumma'a, 16 ga Oktoba

Yau wani mai raƙumi ya yi sallama yana neman izini. Na nuna masa bukkar gardi da baki, na ci gaba da shan furata. Rabona da fura mai daɗi haka na manta.

Habsu ta ce Kaltumi, matar Garbai, ta raɗa mata ta kan danga cewa mijinta ya ji an raba gatura. Ya ce shi ba zai zo ba. Wanda ya ɗauko shi ya san hanya. To ni ma na san hanyar gidana, ina zaune a ciki. Ni ne babba.

Litinin, 19 ga Oktoba

Na janyo gatarin daga bayan randa, don in share wurin ne kawai. Gara ta cinye ƙotar tas, tana taɓuwa ta zube a hannuna. Ruwan gatarin duk tsatsa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Wannan ƙotar hannun Baba ne ya sa ta sheƙi.

Ko wa zai ɗauka, ba a ba mutum kayansa a haka.

Alhamis, 22 ga Oktoba

Baba bai taɓa yin ƙota da wani ice ba sai aduwar nan ta bakin tsohuwar garkarsa. Akwai busasshen reshe a jikinta, daidai hannu, na daɗe da saninsa. Na saɓa gatarina na nufi can, har na ɗaga hannu, sannan na tuna. Aduwar tana cikin iyakar gandu yanzu.

Na tsaya kamar an dasa ni. Ba kowa a wurin, sai awaki. Na dawo gida.

Asabar, 24 ga Oktoba

Na je wurin Aisami. Na tarar da mata uku da wani Buzu suna jira, na bi bayansu, ni da nake ba da izini watan jiya. Da aka zo kaina sai bakina ya yi nauyi. Na tambayi gajiyarsa, na tambayi mutanen gidansa, na yi zancen tsadar kanwa. Yaron da na haifi kamarsa! Daga ƙarshe dai na ce, "Roƙo na zo, reshe ɗaya." Matan nan suna ji, kafin la'asar gari ya ɗauka.

Bai ja ba. Ya raka ni, ya riƙe mini reshen na sara.

Magana ce 'yar kaɗan, amma na yi gumi. Ban san haka take a baki ba. Ni kullum ina gefen mai jira a faɗa masa.

Talata, 27 ga Oktoba

Na feƙe ƙota, maƙeri ya wasa ruwan. Habsu tana kallona tana murmushi, na ce ta nemi aikin yi.

Alhamis, 29 ga Oktoba

Ɗakin ya yi mini ƙunci da tarkace, shi ya sa na kai gatarin. Ba wani abu ba.

Na sami Garbai a ƙofar zaurensa yana gyaran igiyar guga. Na yi sallama, ya amsa ciki-ciki. Na ajiye gatarin a gabansa, na ce yana tare mini wuri. Ya ɗauka, ya juya shi, ya shafa ƙotar da babban yatsa, ya kai hanci.

"Aduwar Baba ce."

Na ce ice dai ice ne.

"An ce ka je ka roƙa. Gaban mata."

Na ce mutanen garin nan ba su da aiki sai surutu. Na juya zan tafi, don rana ta yi zafi kuma idona ya fara yi mini wani abu.

Sai na ji ya jawo tabarma. "Yaya," ya ce, "shigo daga rana mana."

Ban daɗe ba. Habsu ce dai ta ce tuwona ya huce.